Kombinezon Tsofaffin Ɗalibai

Kwanon tuwo ne ya dawo daga zaure yana ƙara. Na ɗauke shi zan kai wurin wanke-wanke, sai na ji wani abu na yawo a ciki, ƙwar-ƙwar, kamar tsakuwa. Da na buɗe, na ga maɓalli ne baƙi da guntun zare a jikinsa. Na tambayi Malam, maigidana, ko na wane ne. Ya ce na Agali ne, wani ɗan makiyaya daga wajen Rumbu da ya taɓa koyarwa a ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare. Yaron ya shiga babbar makarantar injiniyoyi, an kawo su Dakoro koyon aikin rijiya, ya zo gaisuwa, ya sunkuya cin tuwo rigar aikinsa ta ɓalle. Na ce a karɓo mini rigar in mayar masa da abinsa. Da aka kawo ta, sai na ga maɓallin nan shi ne mai lafiya a jikinta. Hammata ta yage, aljihu na reto, ƙeya ta cinye. Na gyara abin da na iya. Kashegari riguna uku suka biyo bayanta, kuma daga nan na shiga sana'ar da na yi har idona ya gaza.

Ku ƴan matan fuwaye, masu koyon ɗinki a gidan nan, da kuka ce in ba ku labari, na ji abin da kuke cewa, wai kayan aiki buhu ne da aka yi wa hannu, ɗinkin gaske shi ne leshi da surfani. To ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Makarantar tana can birni, amma duk rani sai ta aiko ɗalibanta nan, saboda rijiyoyinmu. Kun san su, sai an ɗaura wa raƙumi igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Aka kafa musu shantiye, wato sansanin aiki, a bayan gari, da rumfunan kwana da injin jawo ruwa, aka sa wani malaminsu, Mushe Ibro, ya shugabance shi. Da ya ga yara na ta kawo mini gyara, sai ya yi magana da Malam, ya ce in zan iya, a ba ni ɗinkin kayan aikinsu gaba ɗaya, riga da wando na shuɗin yadi.

Na amsa da sauri don ina ganin na iya. Na yi kolej a Maradi har na sami birebe, takardar gamawa, wata madam ta koya mana ɗinki, ina da keken hannu da aka yi mini gara da shi. Wandon farko da na ɗinka, mai shi ya tsuguna a bakin rijiya ya tsage daga baya har gwiwa, abokansa suka yi ta yi masa waƙa. Malam ya tafi ya ɗauko Baba Nomau, ƙanen mahaifinsa, tsohon tela da ya ɗinka wa sojoji kaki tun zamanin Nasara. Baba ya juya wandon ciki waje, ya duba, ya ce na auna mutum a tsaye, alhali mai aikin rijiya rabin ransa a tsugune yake yin sa.

Baba Nomau bai bar ni na taɓa keke ba sai da damina ta wuce. Tsofaffin kakin soja yake kawo mini, ya ba ni reza, ya ce in farke su zare bayan zare, in shimfiɗa kowane yanki a tabarma, in gaya masa dalilin da ya sa aka yanka shi haka. In na ce ban sani ba, sai ya ce in sake dubawa, wanda ya yanka ba mahaukaci ba ne. A wurinsa na koyi jiƙa yadi a shanya kafin a sa masa almakashi, don shuɗin nan yana tsukewa in ya sha ruwa. Na koyi bugun kalmasa da ƴar guduma a kan turmi har ta kwanta, da goga mata sabulu don allura ta wuce ba ta karye ba. Baba ne ya sa Malam ya sayo mini keken ƙafa, ya ce na hannu na ɗinkin kallabi ne. Har yau in na ga ɗinkin da ban san shi ba, hannuna neman reza yake yi.

Awo ma aiki ne. Ni matar aure ce, ba zan tsaya ina zagaya ƙirjin samari da metir ba. Sai su taru a zaure su auna juna, ni ina bayan ƙofa ina faɗa musu inda za su ɗora, Malam na rubutawa. A nan na gane cewa kowane saurayi yana ƙara wa ƙirjinsa yana rage wa cikinsa. Ƴan birni so suke wando ya kama su kamar na mawaƙa. Ɗiyan makiyaya kuma so suke a bar musu wurin laya da wuƙa. Wani ya roƙe ni aljihu siriri na sa kiriyo, wato fensir, kafin mako ya zagayo kowa ya ce shi ma. Inna suke ce mini dukansu, har waɗanda suka kusa kai ni shekaru. Hannun rigar nakan yi shi da faɗi, don a naɗe shi har sama da gwiwar hannu a yi alwala, rigar kuma a sake ta bisa wando ta sha iska. Haka muka yi shekaru. Ɗalibai suna zuwa suna wucewa, wasu a ba su bursi, kuɗin ƙaro karatu, su tafi Faransa, wasu Jamus, wasu Rasha. Agali na cikin na farko da suka tafi, can kuma ya sami aiki a wata masana'anta.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Dangin Malam daga Kornaka da Ajekoriya suka sauko gidanmu da abin da ya rage musu, wanda bai wuce tabarmi da ƙore ba. Albashin Malam na mushen lakwal, wato malamin makaranta, tukunya ɗaya yake ɗorawa. Tukunya ta biyu, ta baƙi, kekena ne ke ɗora ta. A shekarar ne kuma muka ji labari mai daɗi: tsofaffin ɗaliban makarantar da ke ƙasashen waje sun haɗa ƙungiya, sun ce ba za su bari makarantar da ta yi su ta durƙushe ba. Suka aika littattafai da kayan awo can birni. Shantiyen Dakoro kuma suka aiko masa da sabon inji da manyan ƙunshi na kayan aiki ɗinkakku. Garin nan ya yi murna, liman ya sa musu albarka ran Juma'a, ni ma na ce amin da zuciya ɗaya.

Mushe Ibro da kansa ya zo zaure. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi baƙi, ya tambayi yara, sannan ya ce wa Malam ƙungiyar ta yi alkawarin aiko da kayan duk shekara, don haka makaranta ba za ta ƙara ba da ɗinki ba. Malam ya ce Allah ya saka musu. Ni kuma daga bayan ƙofa na roƙi abu ɗaya, a ara mini guda in gani. Ya ce akwai wata da ta yi wa kowa yawa, an ɗinka ta don wani ƙaton Bature, in riƙe ta.

Kombinezo suke kiranta. Riga da wando ne a haɗe, ba tsakiya, zif ɗaya daga wuya har mara, bakin hannu da roba ta kama shi tsam. Na rataye ta a igiyar shanya, matan Kornaka suka taru suna kallo, wata ta ce kamar an feɗe mutum an bar fatar. Na ɗauko reza. Abin da na gani a ciki ya ƙayatar da ni ƙwarai. Kowane haɗi layi uku ne, an kalmashe baki cikin baki yadda ba zaren da zai tsiyaye. Bakin kowane aljihu an yi masa ɗan ƙulli na zare mai kauri, daidai inda namu ke fara yagewa. A baya an yi wata tattara da ke buɗewa in mutum ya sunkuya ta koma in ya miƙe. Gwiwa biyu-biyu ce. Na shimfiɗa yankunan a tabarma yadda Baba Nomau ya koya mini, lokacin ya riga mu gidan gaskiya, na gane dalilin kowane yanki, ban da abu ɗaya. Na kasa gane abin da ya sa aka haɗe sama da ƙasa, aka kuma ƙuntata hannu haka.

Ban da aiki, sai gyaran zanen maƙwabta. Tukunyar baƙi ta koma kunu. Ana haka sai ɗalibai suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da kombinezonsa a naɗe a hammata, suna roƙo in raba musu ita biyu. Na tambayi dalili, suka yi ta kewaye-kewaye saboda kunya, har wani ya daure ya yi wa Malam bayani ina ji. In mutum zai kama ruwa sai ya tuɓe ta tun daga kafaɗa, rabinta na jan ƙasa a daji, ya dawo bai san ko ta taɓa najasa ba, ga shi da ita zai yi salla. Hannun kuma ba ya wuce tsintsiya, balle gwiwa. Don haka sai suka riƙa zare rabin sama tun da hantsi, su ɗaure hannuwan a ƙugu, su yi aiki da singileti. Na ce ba zan sa almakashi a kyautar da masu ita ba su ko zo sun gani ba, kuma kayan makaranta ne. Suka tafi ba su ji daɗi ba. Ni ma da na karɓa da an sami na cefane.

Da bakansi, hutun makaranta, ya kusa, ƙungiyar ta aiko mutum ya duba yadda kayan suka isa, sai ga shi Agali ne. Ya fara sauka a shantiye. Abin da aka ba mu labari, yana isowa ya tarar da wani ɗalibi tsaye gaban inji, hannuwan kombinezo na lilo a ƙugunsa dab da robar da ke juya injin. Ko sallama bai yi ba, ya ruga ya kashe injin, ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

Bayan la'asar ya zo gidanmu. Ya yi ƙiba, ya yi haske, Hausarsa ta ɗan yi nauyi. Malam ya ce masa ashe Turai ma ba ta gyara masa zaman cin tuwo ba, har yanzu kamar zai faɗa cikin kwano. Ya yi dariya, ya ce tsoron bulalar Malam ne ya lanƙwasa shi tun yana yaro. Na zauna a bakin ƙofa muka gaisa. Da aka gama tambayar mutanen gida, na ce ina da tambaya ta tela, in ba zai ji haushi ba. Na ce na farke rigarsu na gane kome, amma mi ya sa aka haɗe ta?

 Ya zaro hannun hagu daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Yatsu biyu babu, na ukun ya kwanta. Ya ce a shekararsa ta farko a masana'anta ne, yana sanye da riga mai faɗin hannu irin wadda ya saba, inji ya kama bakin hannun ya ja. Allah ya sa wani na kusa da makunni. Ya ce da ƙungiya ta zauna shawara, wasu sun ce a aiko da littattafai kawai, shi ya tsaya kai da fata sai an sayi kombinezo, don sabon injin da suka aiko ya fi tsohon gudu nesa ba kusa ba, kuma ya tuna irin rigunan da ake sawa a shantiye.

Rigunan da yake nufi nawa ne. Na yi shekaru ina sakin hannu da gindin riga don yara su sha iska, ban taɓa tsayawa kusa da inji yana aiki ba. Na yi salati a raina, na gode wa Allah da bai jarrabe ni da hannun ɗan kowa ba.

Sai na ce, “To ku can, yaya kuke alwala da ita?”



“Inna, can ba a tsayawa azahar,” ya ce. “Sai na koma ɗaki da marece in haɗa su duka. Na daɗe ina haka. Wallahi da muna zaɓen kayan ga, ko kaɗan bai zo mini ba cewa nan inji ake kashewa a yi salla.”

Malam ya ce Allah ya san halin baƙo a ƙasar mutane, ya tura masa kwanon fura. Ni kuma na ce gara in faɗi gaskiya tun yanzu, kada ya ɗauka shawarata ta fisabilillahi ce kawai: kyautarsu ta rufe mini keke, kuma ya ga yawan takalman da ke ƙofar gidan. Ya ce ya gani. Ya ce amma ba zai yi mini ƙarya ba, shi ɗaya ne cikin mutane da yawa, kuma ko duniya za ta taru ba zai yarda a koma riga mai lilo ba. In zan iya fitar da wadda inji ba zai sami abin kamawa ba, mai salla kuma ba zai tuɓe ba, zai ɗauka ya kai musu. Abin da za su ce, bai sani ba.

Da yankunan kombinezon ƙaton Baturen nan na yi gwajin farko. Na raba ta a ƙugu, na jera manyan maɓallai zagaye, riga ta kama wando. A ido ta yi kyau. Agali ya sa ta, ya ce a ɗaura masa igiyar shiga rijiya a sauke shi kaɗan. Da aka fito da shi ya aiko mini da ita, da saƙon cewa igiyar ta danne maɓallan cikin namansa, duk ƙugunsa ya yi shaida, biyu kuma sun tsinke sun faɗa ruwa. Malam ya ce wannan yaro duk inda ya je sai ya bar maɓalli.

Na sake zama. Na tambayi ainihin inda igiyar ke bi a jikin mutum, aka kwatanta mini a jikin Malam da igiyar guga, baƙinmu na ta dariya. Sai na ɗaga ƙugun wandon sama da inda igiya ke zama, na gajarta rigar na yi mata ɗamara mai kama jiki, na mayar da maɓallan gefe da gefe, ƙanana masu faɗi, kowane a ƙarƙashin marufin yadi. Hannun na tsuke shi kamar nasu, amma na tsaga shi daga tsintsiya har sama da gwiwa, na jera masa maɓallai ta ciki. In an ɓalle ya naɗu, in an rufe ba abin da ke reto. Tattarar baya da ƙullin aljihu da haɗi mai layi uku duk na ɗauko daga wurinsu. Allurata ta ƙarshe mai kauri a kan wannan haɗin ta karye, na ƙarasa da hannu.

A zaurenmu ya fara gwada ta. Ya sa Mushe Ibro ya bi shi da filaya yana neman inda zai kama, kamar shi ne injin. Ya tsuguna, ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya sunkuya. Sannan ya ce a ba shi buta. Ina leƙe ta tsagar ƙofa ya ɓalle hannun da yatsun da suka rage masa, ya naɗe, ya wanke har gwiwa, ya mayar. Ya tafi da ita shantiye ya yini gaban inji, ya shiga rijiya ya fito. Da zai koma Turai ya naɗe ta cikin akwatinsa ko wanki bai bari an yi mata ba, ya ce yana so su ga ƙasar Dakoro a jikinta. Bai yi mini alkawarin kome ba.

Damina ta zo, ta ɗan yi kirki. Wasu baƙin suka koma gona, tsofaffi da yara suka zauna. Aka yi girbi, ba labari. Na shafa wa keke mai na rufe shi da tsohon zane. Na fara tunanin ko in koma saƙar huluna.

Wata safiya ina tsakar gida ina yi wa autata Rakiya kitso, na gama gefe ɗaya na tsefe ɗayan, sai na ji kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofa. Mushe Ibro ya yi sallama ya ce a kauce, za a shigo da kaya. Bandir-bandir na shuɗin yadi aka yi ta shigowa da su ana jinginawa a bangon rumfa, da kwalin zare, da kwalin maɓallai ƙanana masu faɗi, da wani ɗan ƙunshi da na buɗe na ga allurai ne masu kauri, irin waɗanda ko a Maradi ba a samu. Ya ce ƙungiyar ta yi gardama sosai, wasu sun ce kayan masana'anta sun fi, amma a ƙarshe sun yarda za su riƙa aiko da yadi a ɗinka a nan. Sun kuma ce kombinezon bara in raba su duka yadda na yi waccan, da izininsu. Ɗalibai na nan tafe bayan salla ƙarama.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na warware bakin bandir ɗaya, na murza yadin, na ja shi ta tsawo na ja ta faɗi, na yanki ƙyalle na jefa a ruwa in ga yadda zai tsuke. Na yaye zanen keke, na sa sabuwar allura, na gwada ta a kalmasa huɗu ta wuce kamar a man shanu. Na aika a kira mata biyu daga cikin baƙinmu da na ga hannunsu na da kyau, don wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Rana ta take tsaka ina durƙushe a tabarma da alli a hannu, sai na ji an taɓa mini kafaɗa. Rakiya ce, rabin kai a kitse, rabi a tsaye, matsefi na soke a ciki. Ta dubi bandiran nan tun daga ƙasa har sama, ta dube ni.

“Inna, in jira ki gama wanga duka, ko in tahi gidan Gwaggo ta ida mini kan?”